Addu'ar Nomau Wanzami

Akwai wani wanzami a garinmu, Nomau, wanda duk namijin da ya tashi a unguwarsu ta hannunsa ya bi. Kaciya, ƙaho, cire haƙori, duk da tsurar ƙarfe yake yi, ba allura ba komai. Yaron da ya kuskura ya yi tsuwa a hannunsa kuwa, har ya yi gemu Nomau na yi masa gori a bakin kasuwa. Ban taɓa ganin mai jin daɗin kukan wani kamarsa ba. Ana nan sai gwaiwa ta saukar masa, asibiti suka ce sai an yi aiki.

Ranar aikin, likitan da ke sa barci ya zo yi masa bayani, ga mutanen unguwa cike da ɗaki.

"Baba, maganin barcin ba shi kaɗai muke bayarwa ba. Akwai waɗanda muke haɗa masa su taimaka. Wani ya hana amai, wani ya tare zafi, don kada ciwo ya yi maka dirar mikiya in ka farka."

Nomau ya dubi jama'arsa, ya gyara zama.

"Likita, barcin ma na yarda da shi ne don kada in riƙa gyara muku riƙon wuƙa. Sauran tarkacen ku ajiye wa ragwaye."

Likita ya yi lallashi har ya gaji. Ƙarshe ya ce na cikin ɗakin aiki dai ba fashi, amma allurar zafi ta bayan farkawa ba za a yi masa ba sai ya nema da bakinsa. Nomau ya ce to allura ta huta.

Aka yi aiki lafiya. Da magani ya fara sakinsa, sai ciwo ya ce salamu alaikum. Ya buɗe ido, sai ga duk waɗanda ya sha yi wa gori sun zagaye gado, kowa ya kasa kunne. Mati mai shayi har da jawo kujera. Nomau ya cije leɓe, ya damƙe ƙarfen gado, gumi na tsatsafo masa. Ya san in ya yi ko tari, ya gama shiga kasuwa. Can dai abu ya fi ƙarfinsa.

"Wayyo Allah! Wayyo ni Nomau! Allah ka dube ni!"

Sista Kande, mai kula da ɗakin, ta jiyo shi, ta taho da allura a kan tire. Nomau na ganinta ya ji kamar ya rungume ta don murna. Ya fara zaro hannu daga ƙarƙashin bargo a hankali, yana ƙifta mata ido.

Mati ya leƙo fuskarsa. "Baba, kamar kuka na ji?"

"Kukan gidanku!"

Sista ta ce, "Baba, zafi ne? In yi allurar?"

Nomau ya dubi allura, ya dubi Mati.

"Wane irin zafi, 'yar nan? Addu'a nake yi."

Sista ta rufe tirenta, ta juya.

"To Baba, ba a katse mai ibada. In ka shafa, ka aiko a kira ni."