Kwamfutar Da Aka Ɗinka Wa Riga

Kwamfutata ta zama kayan hukuma ranar Larabar makon jiya, a wani ofishi da ke Nassarawa GRA, a gaban manyan baƙi da makaɗa, ni ma ina tsaye ina tafi. Ban sayar ba, ban kuma bayar kyauta ba. Aro na bayar. Shi ya sa wannan makon da biro na rubuta muku shafin nan. Idan kun ci karo da kuskure ku yi wa mai bugawa uzuri, rubutun hannuna ko ni sai na ƙura ido.

Ga yadda aka yi. Ina da maƙwabciya a Tudun Murtala mai suna Scholastica, mutuniyar Zariya, duk layinmu Maman Irene muke ce mata. Tafireta take bugawa a wancan ofishi, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda ina da iyali. Ta daɗe tana aikin wucin gadi, kullum ana ce mata maganar tabbatar da ita tana kan tebur. Da dimokuraɗiyya ta dawo aka ce za a raba mana ribarta, sai rabon ofishinsu ya iso a kwali: kwamfuta guda, kyautar wani babba da zan kira Mai Girma Uban Ci-gaba, Allah ya ƙara masa ci-gaba. Shugaban ofishin, Yallaɓai Darakta, ya kira Maman Irene ya yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Ranar da Mai Girma ya zo ƙaddamarwa, ya danna ta kawo haske, ranar za ta zama cikakkiyar ma'aikaciya mai kula da kwamfuta. Idan kuwa aka ji kunya a gaban baƙi, ta nemi motar Zariya.

Kun san al'adarmu. Ba a ƙaddamar da abu sai an lulluɓe shi, domin babban baƙo ya sami abin yayewa. Na taɓa halartar taron da aka lulluɓe kwalbati. Don haka aka ɗauko tela daga Kawaji, ya auna akwatin da injin kwamfutar yake ciki, ya ɗinka masa riga ta karammiski, ya sa mata soso don ta tsaya sosai a hoto. A gaba aka manna hoton Mai Girma yana murmushi. A jikin akwatin telan ya ƙarasa ɗinkin da allura, ya bar ƙofar wayoyi a baya da 'yar hudar maɓalli a gaba, sannan aka ɗaure da jan ƙyalle wanda almakashin Mai Girma kaɗai zai yanke. Allon da ake kallo shi ya tsira, mayafi kawai aka yafa masa.

A makon ne kuma aka yi gwanjon tafiretocin ofishin, tunda an shiga zamanin kwamfuta. Mai Girma bai zo ba. Da farko Umara ce, sai kamfe, sai kotun zaɓe, sai Umarar godiya. Aiki ya yi ta taruwa. Nan Yallaɓai Darakta ya yanke hukuncin da ya kamata a riƙa koyarwa a jami'a: a kunna ta a yi aiki, amma kada a taɓa rigar, domin kunnawa ba ƙaddamarwa ba ce, yayewa ita ce ƙaddamarwa.

Lokacin sanyi ta daure. Da bazara ta shigo sai ta fara ɗaukewa. Maman Irene na tsakiyar buga jawabi, allo ya yi baƙi. A jira ta huce, a kunna, ta ɗan taɓa aiki, ta sake ɗaukewa. Kowa ya zagi masu wuta kamar yadda muka saba, har wani ya lura fitila na ci, fanka na juyawa. Karon farko a rayuwarsu, masu wuta ba su da hannu.

Wata yamma ta tsaya a ƙofar gidana.

"Baban Nafisa, kai da kake da irinta a ɗaki, taka tana suma?"

"Tawa tsirara take, Maman Irene."

"To zo ka faɗa wa Yallaɓai."

"A matsayin wa?"

"A matsayin ɗan jarida. Ku ai ba ku da kunya."

Washegari na ɗauki Falalu, mai gyaran da ke duba mini tawa, muka tafi. Ya ɗora tafin hannu a kan karammiskin, ya janye da sauri.

"Zafi ne, Yallaɓai. Ba ta shan iska. A cire mata rigar."

Na zaci za a yi gardama. Ba a yi ba.

"Malam Falalu, wannan ai har masinja ya sani," in ji Darakta. "Abin da muka kira ka ka yi shi ne ka gyara ta da rigarta."

"Ko a ɗan farke bayan, daidai fankar."

"Zagaya ka karanta abin da ke bayan."

Falalu ya zagaya. Taken Mai Girma ne, da zare mai ruwan zinariya, daga gefe zuwa gefe.

"Wace kalma za ka farke?" Darakta ya tambaye shi a hankali. "Zaɓi ɗaya, in kai masa sunanka tare da ita."

Falalu bai zaɓa ba. Ya canza wayar wuta, ya canza fis, ya koma wani soket, ya haɗa sitabilaiza. Ya zura hannu ta ƙofar wayoyi yana lalube kamar mai neman ƙwai a akurki. Kwamfuta ta tashi, ta yi aiki, ta ɗauke.

Sai aka kafa kwamiti. Zan yi musu adalci, sun yi aiki. Sun kawo fanka mai tsayuwa aka saita ta a kan rigar, hoton Mai Girma ya wuni yana kaɗawa cikin sanyi, abin da ke ciki na dahuwa. Sun ajiye kwanon ƙanƙara a gefe. Sun mai da ita ofishin Darakta mai iyakwandishan, wanda ba ya tashi sai da janareto, wanda ba ya tashi sai da fetur, wanda babu. Ni aka ba jarka, wai 'yan jarida suna da sanayya. Na wuni a layin gidan mai, na dawo da kunnuwa cike da labarin siyasa da jarka kamar yadda na tafi da ita. Daga ƙarshe aka gayyato limamin masallacin ofis da faston su Maman Irene, kowa da ranarsa, tunda ofishin na kowa ne. Kwamfutar ta saurari ɓangarorin biyu ba son kai, ta ɗauke a kan kowanne.

Wata safiya Maman Irene ta danna, shiru. Ba ƙara, ba koriyar fitila, sai wani ƙauri kamar an ƙona roba. Falalu ya kai hanci ƙofar wayoyi ya shinshina.

"Allah ya ba ku haƙuri. Ko ɓangaren da ke raba mata wuta ne ya ƙone, ko abin da ya fi shi. Sai na buɗe zan sani."

"Bayan ƙaddamarwa," in ji Darakta.

A ranar saƙo ya iso cewa Mai Girma zai zo Laraba.

Maman Irene ba ta yi kuka ba. Ta shigo gidanmu, ta cire takalmi, ta zauna a tabarma kusa da maiɗakina Khadijatu. Ta ce Irene tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma a Zariya yanzu ba ta da kowa sai kaburbura. Khadijatu ta dubi ƙofar ɗakina, ta dube ni.

"Malam, wannan abar da ke hana ka cin tuwo da zafinsa, aron wuni ɗaya zai kashe ta?"

Shirin mai sauƙi ne, kuma Darakta ya amince da shi ta hanyar cewa bai ji ba. Aka ajiye kwamfutata a ƙarƙashin tebur, aka saki ƙyallen tebur har ƙasa, Falalu ya haɗa allon da tawa. Mai rigar tana sama tana jiran almakashi. Idan Mai Girma ya danna ta sama, Maman Irene za ta danna ta ƙasa da babban yatsan ƙafa. Mun gwada har ƙafar ta iya.

Ranar Laraba titi ya cika da motoci. Mai Girma ya yi jawabi, ya ce da wannan kwamfuta 'ya'yan talakawa za su kamo mutanen Japan. Ya yanke jan ƙyalle. Ya ja riga, riga ta ƙi, domin telan Kawaji ba ya ha'inci. Sai da dogarawa biyu suka riƙe akwatin aka fizge. Ya danna. Yatsan Maman Irene bai makara ba. Allo ya kawo haske, makaɗa suka saki kiɗa, Mai Girma ya tambayi sunan mai kula da ita, ya faɗa a lasifika cewa daga yau an tabbatar da ita. Na yi tafi da gaske.

Da a nan aka tashi, da yanzu kwamfutata tana ɗakina. Amma akwai hoton tarihi. Masu tsara taro suka ja teburin baya don manya su jeru, ƙyalle ya zame, sai ga kwamfutata a fili, da wayoyinta, da sitikar Islamiyyar Nafisa a gefe. Kiɗa ya tsaya.

"Wannan fa?" in ji Mai Girma.

Na sha rubuta cewa manyan ma'aikatanmu ba su da saurin tunani. Na janye. Yallaɓai Darakta ko ƙifta ido bai yi ba.

"Kashi na biyu ne, ranka ya daɗe."

Mai Girma ya karɓi lasifika. Ya ce ɗaya ya yi alkawari, ga shi biyu ya kawo, 'yan adawa su zo su ƙirga. Ya nuna rashin jin daɗi da aka bar ta tsirara, ya ba da umarni a ɗinka mata riga kamar 'yar'uwarta, zai dawo da kansa ya ƙaddamar. Bakina ya buɗe zai ce tawa ce. Maman Irene ta dube ni, ƙafarta ɗaya ba takalmi. Idan na ce tawa ce, tambaya ta gaba ita ce me take yi a ƙarƙashin tebur. Na rufe bakin, na ƙara tafi.

Kafin a gama rabon shinkafa, mai kula da sito ya rubuta mata lamba da farin fenti. Da taro ya watse na rungume ta na nufi ƙofa. Maigadi Jibrin, mutumin kirki daga Jigawa, ya tare ni da ladabi.

"Malam, zamanin Shari'a ne fa. A da ne ake fita da kayan hukuma a hannu."

"Yanzu fa?"

"Yanzu sai a mota."

Na koma wurin Darakta. Na ce, "Yallaɓai, ai ka san tawa ce."

"Na sani, Malam. Har masinja ya sani. Amma an riga an faɗa a rediyo."

Ita waccan ta farko, tunda an yaye ta, an bar Falalu ya buɗe. Ɓangaren wutar ya ƙone, fankar ta cushe da ɓurɓushin soso. Ya ce gyaran ba wuya. Sai dai yanzu ƙaddamarriya ce, gyaranta sai kwangila, kwangila sai kwamiti, kwamiti kuwa yana hutun gajiyar taro. Don haka da tawa ake aiki. Tela ya zo ranar Juma'a ya ɗinka mata tata rigar. An ce masa ya ƙara soso, ta farkon ta ɗan lanƙwasa a hoto.

Maman Irene ta zama cikakkiyar ma'aikaciya, ta aiko mana da cincin. Jiya da ta dawo aiki ta tsaya a ƙofa, ba ta shigo ba.

"Baban Nafisa, taka ta suma yau."

"Ta farfaɗo?"

"Ta farfaɗo. Na sa mata fanka."

Na tambayi ofishin ranar ƙaddamar da kashi na biyu. Sun ce ba a sa ba tukuna, Mai Girma ya tafi Umara. Allah ya karɓi ibada. Idan akwai mai zuwa can cikin masu karatu, ya taimaka ya shaida masa cewa a Kano har yanzu bazara ce.