Ranar da Baba Ya Nome Ciyawar Madam

Ba zan taɓa mantawa da jan injin nan ba, kuma ba zan manta abin da ya yi mini a gaban soja ba. Yau gemuna ya yi fari. Aikin da ban taɓa ba a duniyar nan kaɗan ne (dako, gadi, karen mota, har tallar maganin ɓera), amma hannuna bai ƙara riƙe wani abu mai kyau irin nasa ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke ne tun gero bai kai gwiwa ba, lokacin soja ke riƙe da ƙasa. A Kona rumbunanmu sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun fara ƙaura. Ni kuwa ina zaune da ɗan ilimin lakwal, wato makarantar boko, da na tsaya da shi a ajin ƙarshe, na faɗi jarrabawa aka ce in koma gona. Faransancina irin na wanda aka kora ne: yana isa in shiga rigima, ba ya isa in fito. Da shi ɗin ne dai Kawu Illa, ƙanen innata, ya samo mini aiki a Tasawa, a gidan wani Bature mai aikin gina rijiyoyi inda shi yake kuku. Mu Mushe muke ce wa Baturen, matarsa kuma Madam. Abin da nake samu a gidan nan shi ke zama hatsi ya tafi Kona. In babu shi, babu tuwo, magana ta ƙare.

Aikina ciyawa ne. Madam ta zo da irinta tun daga ƙasarsu, ta shuka a tsakar gida, suna kiranta gazon. Gari duka ya ƙone ya yi ja, amma ka tura ƙofar gidan nan sai ka ga kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Jakunan masu itace idan sun zo wucewa sai su tsaya jikin katanga su yi ta kuka, ƙamshin suke ji. Safe da yamma ina tsaye da tiyo ina shayar da ita daga rijiyar gidan, idan ta yi tsawo kuma in fito da inji.

Kai, injin nan. Ja ne wur, da ƙafafu huɗu, da igiya da ake finciko wa ya tashi, da wuƙa a cikinsa mai juyawa wadda ido ba ya iya bi. A bayansa akwai jaka da ke tara abin da ya yanka. Ba ya gajiya, ba ya tsayawa shan fura, ba ya barin wani wuri ya fi wani tsawo. Ka tura shi ka juyo, sai ka ga layi ya miƙe kamar an ja da zare. Warin esansi, wato fetur, da na ɗanyar ciyawa idan suka haɗu, har yau ban shaƙi turaren da ya kai su ba. Da rigata nake goge shi. Wanda ya ƙera abin nan, ko wane ne, ya san aikinsa.

Saƙon da na aika gida shi ne ina aikin inji a gidan Bature. Ban yi ƙarya ba. Mutanen Kona ne suka ƙarasa da kansu cewa injin gina rijiya ne, ni kuma ban ga dalilin gyara musu ba.

Wata yamma su Mushe sun tafi Maraɗi, za su dawo kashegari tare da kumandan, sojan da ke mulkin garin, a ci abincin rana a kan ciyawar, sai ga Baba a ƙofa. Ya tako tun daga Kona ya zo ganin ɗansa mai inji, haiwarsa a kafaɗa (fartanya ce mai doguwar ƙota, a tsaye ake tura ta, kuma shi ko gaisuwar mutuwa zai je da ita yake tafiya). Baba manomi ne na gaske. Gonar da ya wuce da haiwa, za ka rantse mata ne suka bi ta da tsintsiya. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

Ya tsaya ya dubi tsakar gidan, ya daɗe.

"Kai, nan ne gidan da kake aiki?"

"Nan ne, Baba."

"Kuma mai gidan na da rai?"

"Lafiyarsa lau."

"To wanga haki hwa, har bakin ƙohwa? A Kona gidan da mutanensa suka ƙare shi ka yin haka."

Da ƙafa na tura tiyo ƙarƙashin furanni. Ku gaya mini, ta yaya zan dubi mutumin da geronsa ya ƙone a tsaye, wanda matansa ke kwana bakin rijiya don tulu guda, in ce masa ni ɗansa kullum ina zuba ruwa a kan ciyawar da ba a ci, ba a ba dabba? Bakina ne ya riga ni.

"Da kanta take fitowa, Baba. Wurin ne da danshi. Kullum ina yaƙi da ita da inji, tana dawowa. Ta addabe mu."

Na fito da injin don in burge shi. Na finciki igiya, na yi masa layi ɗaya mai kyau. Baba ya yaba ƙarar, ya shafa jan fentin, sannan ya durƙusa ya tura yatsa cikin ƙasa.

"Inji mai kyau ne," ya ce. "Amma wanzami ne. Aski ya ka yi, saiwa na nan ƙasa."

Kawu Illa yana bakin madafa yana jin duk wannan, bai ce uffan ba. (Ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa, amma wannan shirun ban gama yafe masa ba.)

Da safe muka tafi kasuwa ni da Kawu, shi ya sayi naman baƙi, ni in ɗauko kwando da galan na esansi. Muka bar Baba yana lazimi. Kawu kuwa mutum ne da ba ya sayen albasa sai ya ji tarihin gonar da ta fito. Hantsi ya yi sosai kafin mu dawo.

Na tura ƙofa. Babu kore.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take: ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Daga katanga zuwa katanga jar ƙasa ce lumui, babu rami, babu tudu, ko tsinke ɗaya bai tsira ba. Ya zagaye furannin Madam bai taɓa ko ganye ba. Ciyawar kuma ya tara ta tsibi-tsibi a jere jikin bango, kowane tsibi daidai da ɗan'uwansa. Tsoho mai yunwa, da ƙarfe ɗaya da sanda, ya gama kafin rana ta yi zafi abin da Madam ta yi shekaru tana reno.

Yana zaune a inuwa yana goge bakin haiwa, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Na rage maka aiki," ya ce. "Kada Bature ya ce ɗana raggo ne. Bari in je in gaida mutanenmu na bakin kasuwa."

Ya fita. Na dubi Kawu.

"Kawu, ya za mu yi?"

"Mu? Ni kuku ne, ɗan yayata. Ka ga tukunya can tana jirana. Kai ne mai Faransanci."

A nan ne ilimin lakwal ya yi mini rana. Na lura haiwa ba tono take yi ba, shiga take ƙarƙashin saiwa ta yanko, don haka ciyawar ta tashi faifai-faifai da 'yar ƙasarta. Na ce abin da aka ɗaga ai ana iya mayarwa. Na shiga kwasowa ina shimfiɗawa, ina takawa, ina toshe ramuka da ɓarɓashi, gumi har cikin ido. Na saki tiyo na jiƙa wurin sharkaf. Da na koma bakin ƙofa na kanne ido ɗaya, wallahi sai na ga gazon. Mai rashin lafiya dai, amma gazon.

Da na tsaya nan, wataƙila da na kai yamma. Sai na tuna Madam ta ce a yanke ta kafin baƙi su zo, ga ta kuwa buzu-buzu kamar kan mahaukaci. Na kuma yi tunanin cewa mutumin da aka tarar yana aiki ba a cika yi masa tambaya ba. Ina jin ƙahon mota a waje na jawo inji na finciki igiya. Cikin sauri na manta ban maƙala jakar baya ba.

Ba na ganin laifin injin. An yi shi ne ya ɗauke abin da ke gabansa, kuma ya ɗauke. Faifan farko ya haɗiye shi ɗungurungum, ya tauna, ya feso ta baya da ta gefe, ciyawa da taɓo da tsakuwa. Daidai lokacin suka shigo: Mushe a gaba, Madam cikin farar riga, sai kumandan, dogon soja cikin kaki mai guga kamar takarda, da mai gadinsa riƙe da bindiga.

Taɓon ya sami kumandan daga aljihu zuwa hula. Madam ta samu nata rabon.

Mai hankali zai kashe inji. Ni hannuna ya ƙage a kan ƙarfe, ƙafafuna suka ci gaba da tafiya. Na ratsa tsakar gidan nan daga wannan bango zuwa wancan, ina barin jar hanya a bayana, ina watsa gonar Madam sama, har injin ya shaƙe ya yi tari ya mutu. A zamanin nan an tafi da mutane don abin da bai kai wannan ba, kowa ya sani. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ƙame na sara wa kumandan, da saiwa a kunnena, na ce, "Bonjur, mon kumandan."

Yana cire ciyawa daga girarsa ke nan Baba ya yi sallama ya shigo. Bai dubi kaki ba, bai dubi bindiga ba, ƙasa ya duba.

"Wa ya maida hakin da na nome?"

Kumandan ya juyo. Ashe Bahaushe ne, Hausarsa ta fi tawa.

"Tsoho, kai ka nome wurin nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Yaron nan nawa ya ce mini da kansa yake hitowa, ya addabe su."

"Da kansa," in ji kumandan, yana kallona. "A wannan shekarar. Kai, matso. Gaya wa mahaifinka aikin da kake yi a gidan nan. Da ƙarfi, ni ma ina so in ji."

Na gwammace ya sa a harbe ni. A gaban Bature, da soja, da Kawu da ke leƙe da ludayi a hannu, na ce, "Baba, shuka ta aka yi. Ni nake ba ta ruwa, safe da yamma."

"Ruwan rijiya?"

"Ruwan rijiya."

"Mi ka cin ta?"

"Ba kowa. Kallonta ake yi."

Na jira zagi, bai zo ba. Baba ya dubi Madam, wadda ke zaune kan matakala tana kuka da taɓo a wuya, sannan ya cire hularsa ya ce wa kumandan, "A ba ta haƙuri. Wanda ya shuka abu ya ga an kashe mai, na san abin da ya ka ji. Da na san gonarta ce, da ban sa mata ƙarhe ba."

Kumandan ya fassara mata da kansa, ni ba a ko neme ni ba. Sannan ya taka zuwa inda ƙasar take fili, ya durƙusa ya shafa ta da tafin hannu, ya ce shi ma ɗan manomi ne, kuma rabonsa da ganin noma irin wannan tun kakansa na da rai. Ya miƙe ya yi wa Mushe dogon Faransanci. Abin da na tsinta a ciki shi ne lambu, da ruwa, da cewa hukuma tana son kowa ya yi noman rani. Mushe ya yi ta gyaɗa kai. Ban san ko ya yarda ba ne har zuciya, amma ban ga wanda zai yi gardama da sojan da aka watsa wa taɓo a gidansa ba.

Kafin sati ya zagayo tsakar gidan ta zama fangali-fangali na salati da kabeji da dankali, kuma Baba aka ɗauka ya kula da su. Injin aka goge shi, aka tura shi ɗakin ajiya aka kulle. Ni kuma Mushe ya kira ni ya yi mini bayani a hankali, yadda ko mai Faransancina zai gane: babu ciyawa, babu inji, babu mai inji. Hatsi ya ci gaba da zuwa Kona, ba a kwana da yunwa ba, sai dai ba da sunana yake zuwa ba. Har Madam, da ta huce, ta riƙa aika wa Baba shayi. Ni na koma tasha ina jiran lodi.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ƙarya ta kama ka dole, ka nemi raggo ka yi masa, zai ce Allah ya kyauta ya juya ya ci gaba da barcinsa. Kada ka kai ƙarar ƙarya wurin mutumin da yake son ka kuma ya iya aiki. Kafin ka dawo daga kasuwa ya gama taimakonka.