Sati Ukun da Na Riƙe Lakwal

Ba zan taɓa mantawa da sati ukun da na yi ina darakta ba, ko da yake na yi ƙoƙari. Ƙaramar lakwal ce, wato makarantar boko, a ƙauyenmu kusa da Tsarnawa, aji shida, malamai shida. Daraktanmu zai tafi Tawa wani horo, sai ya miƙa mini makullin buro, wato ofis, da hatimi, ya ce, "Riƙa mini kafin in komo." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuwa kunnena ya ji kamar an ce ga Nijar nan, yi yadda ka so.

Kwana biyu tafiyata ta canja. Na sayi jan biro, na daina zama shan shayi da sauran malamai (wai kada a raina kujera). Matata har tambayata ta yi ko wuyana ke ciwo, don ta ga ya daina juyawa. Na kafa doka: ƙarfe takwas kowa na cikin aji, kuma salulata a kashe take har a tashi.

Cikin malaman akwai Mushe Illa (Mushe muke ce wa malami, daga Faransanci), dattijo, maƙwabcin innata. Shi ya riƙe hannuna a wannan lakwal ɗin na fara rubuta sunana. A gida Baba nake ce masa.

Wata Talata sai ga shi tara da rabi, a kan tsohon motonsa, ƙafar wando duk laka. Da ina da hankali, da na jira shi a buro. Ina! Fita na yi na tare shi a ƙofar ajinsa, ɗalibai na leƙe, malamai sun fito.

"Mushe Illa, ƙarhe nawa yanzu?"

"Tara ta wuce, Mushe darakta."

"In babba na makara, mi za mu ce ma yara?"

Ya sunkuyar da kai. "Kana da gaskiya. Mu shiga buro in yi maka bayani."

"A rubuce nake son bayanin," in ji ni. Na miƙa masa takarda, har da hatimi (tun tara da kwata na buga shi, ina ɗoki).

Ya karɓa da hannu biyu. Sannan ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni, ya ce, "Zan rubuta. Amma buɗe salularka, ɗana."

Ina buɗewa kiran ƙanwata ya shigo, tana kuka. Ashe bayan fitata jiri ya ɗebi Inna ta faɗi a tsakar gida. An yi ta nemana, layi a rufe. Mushe Illa ne ya ɗora ta a moto, ƙanwata na riƙe da ita ta baya, har gidan likita a Ƙonni. Bai baro su ba sai da aka sa mata ƙarin ruwa ta buɗe ido.

Na tsaya nan da jan biro a hannu. Shi kuwa makullin motonsa ya danƙa mini. "Tahi, ni zan duba ajinka."

Na tarar da Inna ta farfaɗo. Ta kama hannuna ta ce, "Illa ya ce mani babban aiki aka ɗora maka, shi ya hana ka zuwa. Allah shi yi maka albarka." Wallahi da mari ta yi mini, da ya fi sauƙi.

Bayan la'asar na je gidansa na durƙusa. Ya zaro takardar, ya riga ya cika ta da kyakkyawan rubutun nan nasa: "Na makara ne don na kai mahaifiyar wani ɗalibina likita." Na fashe da kuka, shi kuma da dariya.

"Tashi, ba kai ba ne, kujera ce," ya ce. "Ni ma na taɓa riƙe ta wata guda. Har wana sai da na sa ya jira a waje."

Tun daga nan, in ana hira ana cewa mulki ya lalata wane da wane, nakan ɗan yi shiru kafin in sa baki. Bara da darakta zai sake tafiya, ya shiga waige-waigen wanda zai bar wa lakwal, sai na duƙa ina gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.