Mushe Zai Bushe

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na kai kaina gidan rediyon garinmu Magariya, da ƙafata, sanye da sabuwar shadda, na tona wa kaina asirin da ni kaina ban san da shi ba.

Na san kun san waƙar "Zai Bushe". Babu bikin da ake tashi ba a sa ta ba, ƴan kabu-kabu ma ita suke bi da fito. Wani matashin mawaƙi ne daga Damagaram ya rera ta da fiyano da amshin ƴan mata, ta zagaye ƙasa har ta tsallaka iyaka. Inda ya ce, "Yi shiru masoyiya, rana na nan, iska na nan, zai bushe," nan amare ke fara share ido. Da aka tambaye shi inda ya samo ta, sai ya ce tsohuwar waƙar gargajiya ce da yake ji a bakin mahaifiyarsa.

Wannan maganar ta tsaya mini a rai, don waƙar tana da mai ita. Kawuna ne, Kawu Ilu mai gurmi na Dungas, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Ya rasu ina kolej, bai bar ɗa ba, bai bar suna ba sai a ƙauyukan da ya yi wa wasa. Na ɗauki abin kamar gadona. A fadar da muke shan shayi, a lekol inda nake koyarwa ake ce mini Mushe, wato malam, har cikin motar haya, duk wanda ya sa waƙar sai ya sha bayani. Har fassara na ƙirƙiro mata: na ce hawayen matan da mazansu suka tafi ci-rani Kawu yake nufi, rana kuwa haƙuri ce, iska kuma labari mai daɗi da zai zo daga nesa. (Wanda ya faɗa mini haka? Babu. Amma na maimaita har na fara tuna ranar da Kawu ya faɗa mini.)

Matsalar ita ce ba ni da shaida. Sai a bakansi, da aka yi hutun makaranta, na je Dungas gaida Inna Hajo, matar Kawu, ta ce ai akwai kaset ɗin gwaji da ya taɓa ɗauka don ya aika gidan rediyon Damagaram, bai aika ba. Ta ciro shi daga ƙasan kwallarta, naɗe a tsohon ɗankwali. Da na ce rediyo zan kai, ta dube ni ta gefen ido, ta ce in fara saurara ni kaɗai. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Mai gyaran rediyo a kasuwa ya juye mini shi a katin waya. Na saurari farkonsa a tsaye bakin rumfarsa, na ji gurmi, na ji muryar Kawu, na kashe. Na ce sauran sai tare da jama'a. Da aka koma karatu na sanar da direktan lekol, na sanar da ɗalibaina, na sa aka gaya wa mahaifin yarinyar da nake nema, dattijon da ba ya rabuwa da rediyonsa.

Mai gabatar da shirin abokina ne tun ƙuruciya. Ya fara sa ta mawaƙin Damagaram, sannan ya ba ni mikro. Na gyara murya. Na ce wannan kwalliya ce kawai, asalin yana hannuna. Na zuba fassarar ci-rani har da girgiza kai, alhali babu mai ganina. Na ƙara da cewa babu wanda ya san Kawu kamar ni, don ni kaɗai ne ɗa namiji wurin ƙanwarsa Rabi, kuma a kan cinyarsa na girma. Ku riƙe wannan maganar ta cinya.

Aka sa kaset.

Gaskiya bambancin a fili yake. Ta Damagaram gudu take, ganga na tura ta daga baya. Ta Kawu tafiya take a hankali, kamar mai dawowa daga gona. Tsirkiya ɗaya ta ɗan saki, ana jin daka daga maƙwabta, wani zakara yana ta shiga inda ba a gayyace shi ba. Baitocin duk su ne, amma shi ba ya jan murya don a yaba, faɗa kawai yake, yana numfashi a tsakiyar kalma. Na lura amshin bai zo ba inda aka saba jinsa, na ɗaga wa abokina yatsa alamar ya jira, babban wurin yana tafe.

Sai gurmin ya tsaya cak. Aka ji Kawu ya yi salati a hankali, sannan ya ɗaga murya:

"Hajo, zo ki ga aikin ɗan Rabi. Ya jiƙa wandonsa, ya jiƙa nawa."

Wani yaro ya ɓarke da kuka, irin kukan wanda ya san ya yi abin kunya. Aka ji takun Inna Hajo tana dariya, tana cewa a miƙo shi ta canza masa. Yaron ya ƙara ƙarfi, yana cewa shi ba zai sauka ba, kada a faɗa wa kowa. (Kada a faɗa wa kowa. Daga Bande har Sassumbrum ana ji.)

Abokina ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Hannunsa na kusa da maɓallin kashewa, amma bai da ƙarfin dannawa. Ni kuwa shaddar nan ta koma mini kamar bargo. Ina so in miƙa hannu in kashe, sai na ji Kawu ya ce, "Bar shi, Hajo. Zauna abinka, babu wanda zai ji." Ya ja tsirkiya sau biyu yana neman hanya, sannan ya fara, ƙasa-ƙasa, kusa da kunnen yaron:

"Yi shiru ɗan lelena, rana na nan, iska na nan, zai bushe."

Ya maimaita, ya sake maimaitawa, kowane karo yana gyara karin har ya zauna yadda duniya ta san shi yau. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma wata siririyar murya tana bin sa: zai bushe. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ka ga, mun samu amshi."

Na manta ashe yadda yake magana. Waƙarsa na riƙe, amma muryar da yake kirana da ita ta ɓace mini shekaru, sai ga ta a kunnena. Da kaset ya ƙare abokina ya share hawayen dariya, ya turo mini mikro ya ce ko Mushe yana da ƙarin bayani a kan ci-rani. Na buɗe baki, sai kuka. Mutum da gemunsa, a rediyo, karo na biyu a shiri ɗaya.

Kafin magariba an yanko wurin yana yawo waya zuwa waya. Ranar Litinin na shiga kilas na tarar da shiru irin wanda ban taɓa samu ba, sai daga baya wani ya yi fiton amshin a hankali. Tun daga ranar sunana Mushe Zai Bushe. Da na je gaida mahaifin yarinyar, zan zauna ke nan sai ya sa aka ɗauke darduma aka kawo tabarmar roba. Amma ya ba ni ita, ya ce yaron da aka rarrasa haka zai iya rarrashin ƴar mutane.

Yankakken ya kai ga mawaƙin Damagaram. Ya zo Dungas da kansa, ya durƙusa gaban Inna Hajo, kuma yanzu ba ya fara waƙar sai ya ambaci Ilu mai gurmi ya yi masa addu'a. Abin da surutuna na shekaru bai yi ba, wandona ya yi.

Da na koma wurin Inna Hajo na tambaye ta me ya hana Kawu sake ɗaukar wani mai tsabta ya aika. Ta ce kaset ɗaya gare shi, sai ya goge wannan zai ɗauki sabo, shi kuwa ya ƙi. Ta ce bayan an kai ni lekol a Magariya, in gidan ya yi masa shiru, sai ya sa shi, ya wuce waƙar duka, ya tsaya daidai wurin kukan.

Yanzu in aka sa ta a biki, amare na hawaye, abokaina na kallona suna danne dariya, ni ma ina hawayen, kowa da dalilinsa. Na kuma daina fassara waƙa. In har ya zama dole, kafin in faɗi abin da mawaƙi yake nufi, zan fara tambayar wadda ta yi wanki ranar.