Saƙon Gwajin da Ya Kai Samari Rafi

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba. Yanzu ma da nake rubutu, ga wayar can na kife ta a kan tebur kamar ita ce mai laifin.

Ɗan kawuna Danladi ne ya fara jawo maganar. Ya yi karatun kwamfuta, ya dawo ƙauyenmu da ke kusa da Madakiya da wata manhaja, irin wadda kowa zai ɗauka kyauta ya kafa nasa dandalin. Gajeren saƙo ake rubutawa, mutanen yanki su gani. Ya ce tamu ce, ba ta wani kamfani ba, in wani abu ya faru a gona ko a hanya nan da nan kowa zai ji. Sai dai ba mai so. Sunanta Turanci ne mai tsawon gaske, hoton da ke kanta kuma wata dabba ce da har yau ba a gama gardama a kanta ba (Babana ya ce gafiya ce, Danladi ya rantse zomo ne). Maɓallan duk ƙanana, duk toka-toka.

"Sista, ke kin gama sakandare," in ji shi. "Ki koya wa matan zumunta. In mata sun shiga, gari ya shiga."

Na ce to, har da gyara ɗankwali. Kwana biyu kacal na yi ina taɓa abin, amma na shiga majami'a da ƙarfe uku ina taku kamar ni na ƙera shi.

Na gama saka musu ita a wayoyi, ina nuna yadda ake gaisuwa, sai Mama Asabe, shugabarsu, ta ɗaga hannu.

"Yarinya, mu ba gaisuwa ya kawo mu ba. In na gan mugun abu a gona, yaya zan yi?"

Na ce ai mai sauƙi ne, bari in nuna misali. Na rubuta: "An ga baƙi da makamai a bakin rafi, kowa ya yi hankali." A ƙasan saƙo akwai wani ɗan hoto. In kwaɗon kulle ƙofa ne, kai kaɗai za ka gani. In ƙwallon duniya ne, kowa zai gani. Na san da wannan, har na zaɓi kwaɗon. Jiya. Ban san kowane sabon saƙo kan duniya yake komawa ba. Na ɗaga wayar sama don na baya su gani, na danna da yanga.

Wayar Mama Asabe ta yi ƙara. Sai ta kusa da ita. Sai duka.

Na yi dariyar da ba ta fito ba, na ce babu komai, yanzu zan goge. Na goge. Kafin in ɗago kai mun ji babura suna gudu a waje, wata mata tana ƙwala wa 'ya'yanta kira. Sai ga kiran Danladi.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Gwaji ne, ai na goge."

"Kin goge? Wayyo Sista! Ya riga ya tsallaka dandalin 'yan garin Godogodo, wasu sun ɗauki hotonsa suna turawa. Yanzu cewa ake an goge don a ɓoye. Samari sun tafi rafi!"

Kullum da la'asar Malam Buba ne ke shayar da shanunsa a rafin nan. Dattijo ne, matarsa ce ke kawo mana nono tun ina ƙarama. Kuma kullum da sandarsa da addarsa. A idon wanda ya tsorata, mai sanda da adda ai shi ne baƙo da makami.

Na rubuta "ƙarya ne, ku dawo", saƙon ya tsaya yana juyi, sabis ya ɗauke. Mama Asabe ce ta fizgi hannuna, ta tare wani mai acaba, ta ce, "Hau, maza! Bakin da ya kunna shi zai kashe." Muka hau mu biyu, takalmina ɗaya ya faɗi a hanya ban ko waiwaya ba. Addu'ar Ubangiji nake yi a zuci, amma na kasa wuce layin farko.

Da muka isa, samari sun kewaye Malam Buba, masu sanduna, masu adduna, ɗaya da bindigar farauta. Shanu sun watse cikin ciyawa. Malam Buba na tsaye cikin ruwa hannuwansa a sama. Baba Yohanna, shugaban 'yan banga, yana ta yi masa tsawa, "Ina sauran? Ina ka ɓoye su?"

Na diro tun babur bai tsaya ba, na zube a laka.

"Ni ce! Baba, ni ce na rubuta! Gwaji ne!"

Duk idanu suka dawo kaina, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗankwali a wuya, majina da hawaye sun haɗu.

"Gwajin mene?" in ji Baba Yohanna.

"Ina... ina koya wa su Mama yadda ake dannawa."

Mai bindiga ya sauke ta a hankali. Wani daga baya ya ce, "Kai, 'yar boko kenan." Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Na ja gwiwa har bakin ruwa na ce wa Malam Buba, "Baba, ka yi haƙuri, don Allah ka yafe mini."

Malam Buba ya sauke hannuwansa. Ya kalle ni ya ce, "'Yata, gobe in za ki sake gwaji, ki aiko a gaya mini in zauna a gida." Ya juya ya bi shanunsa. Samarin da suka zo kama shi su suka taya shi tattarawa, kowa kansa a ƙasa.

Washegari Babana da Fastonmu suka kai ni rugarsa muka sake ba da haƙuri. Ya ce ya wuce. Amma sati biyu kenan matarsa ba ta shigo layinmu ba, kuma ban ga laifinta ba.

Danladi ya zauna ya gyara kayansa. Yanzu kafin saƙo ya tafi sai ja ya cika fuskar waya, da Hausa ɓaro-ɓaro: "Duk gari zai gani. Ka tabbata?" (Ya ce rabin laifin na manhajar ne. Na gode masa, amma ba manhajar ce ta durƙusa a laka ba.)

Abin da na koya shi ne, a wurin da mutane ke noma kunne ɗaya a gona ɗaya a hanya, ba a misali da abin tsoro. Mama Asabe ta ce in dawo mu ƙarasa darasi. Na ce zan zo, amma da alli da allo. Wayar a gida zan bar ta.