Ranar da na yi wa fentin mota indes

A biron Alhaji Mamudu, wato ofishinsa na manyan motoci a Zongo, na taɓa zama gwani na kwana uku. Kwamfutarmu ke riƙe da bayanan kayan da ake ɗauka daga tashar jirgin ruwa zuwa Nijar, amma in ka nemi mota ɗaya sai ka gama shan shayi ba ta amsa ba, don layi-layi take bi. Na sa wa lambar mota indes, wato jerin da ke nuna mata inda kowace lamba take. Madam Rakiya, sakatariyarmu, tana dannawa amsa ta fito.

"Malam, asiri ka yi mata?" in ji Alhaji.

Kaina ya kumbura. Na bi kowane gurbi na sa masa nasa: sunan direba, garinsu, har launin fentin mota.

Ran Litinin jirgi ya sauke kaya. Duk takardar da Madam ta shigar, sai kwamfuta ta tsaya gyara jeri ashirin. Direbobi suka yi layi har titi, Alhaji yana ta fifita da hula.

"Malam, wa ya taɓa neman mota da launinta?" Madam ta tambaye ni a gaban kowa.

Na goge jeri sha takwas, na bar biyu. Kafin la'asar motoci sun kama hanya, kuma har yau babu biron da ya kai namu sauri. Amma duk direban da ya sake fenti sai ya leƙo ta taga: "Malam Indes, shuɗiya ce yanzu, a gaya wa kwamfuta!"