Jirgin Gwangwanin Malam Sallau

A gidanmu na bayan tasha mu uku ne: ni, da maigidana Malam Sallau wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin reluwe, da ƙanena Korau. Korau ba mahaukaci ba ne, kada a yi masa ƙarya. Abin da ka faɗa masa dai shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Da ciwo ya kwantar da Malam, sai ya ƙwallafa rai a kan abu guda: kafin ya bar duniya a shimfiɗa masa ƙaramin layin dogo na waya da katako a ɗakinsa, ya tura jirgin gwangwani da hannunsa. Na ce masa wasan yara ne. Ya ce ya ji.

Wata rana ya ce wa Korau ya fitar da duk abin da zai tare wa layi hanya. Na dawo daga niƙa na tarar da randa da akwati a tsakar gida, ga Malam a kan gadonsa cikin rana yana fifita da hula. Korau ya ce ai gadon ya fi komai tare hanya, kuma ba a ce ya sauke mai shi ba.

Wata rana kuma aka aike shi tasha ya dubo yadda layi ya yi kwana, ya zo ya zana irinta daidai. Ya auno da igiya, ya fara zane daga bakin ɗaki, ya ɓalle danga, ya ratsa kuɓewar maƙwabciyarmu Lantana. Har yau matar da ƙyar take amsa gaisuwata.

Wata rana Malam ya gaji, ya ce, "Korau, girman layin kai ka sani. Kada dai ka sa layi inda hannuna ba zai kai ba."

Daga nan kullum da safe sai Korau ya shigo ya ce, "Malam, miƙa hannu." Inda yatsa ya tsaya, nan zai dawo da layi. Ciwo yana ci, hannu yana kasawa. Layin da aka so ya cika ɗaki ya koma faɗin tabarma, ya koma kan kujera. Masu zuwa dubiya suna dariya, wai aikin kowa gaba yake yi, na Korau baya. Ni ma na ce ya daina kwance abin da ya gama. Ya ce ba haka aka ce masa ba.

A ƙarshe layin ya dawo kan faifai a gefen matashin kai. A nan Malam ya riƙa zagaya jirginsa da yatsa ɗaya, yana kiran sunayen tashoshi a hankali, har ranar da ya cika. Da babban layi aka yi, da sai dai kallo daga nesa.

Washegarin jana'iza na ga Korau tsaye a bakin ɗakin da waya da katako a hannu, ya rasa wanda zai tambaya inda layi zai tsaya.